Yadda Iyali Za Su Zaga Garuruwan Gaɓar Tekun Cornwall Da Karaban

Iyalai da yawa daga cikin Hausawa mazauna Ingila suna shiga dogon hutun makaranta, wanda ke farawa a ƙarshen Yuli ya ƙare a farkon Satumba, ba tare da wani shiri ba, saboda kuɗin jirgin mutum biyar ko shida zuwa gida ba abu ne da ake iya haɗawa kowace shekara ba, ɗakin otal kuma ba a tsara shi domin mai 'ya'ya huɗu ba. Akwai hanyar da 'yan ƙasar suka daɗe suna bi a irin wannan lokaci, wato tafiya da karaban, ɗaki mai taya da mota ke ja, mai gadaje da murhun gas da firji da ɗan banɗaki, wanda ake ajiyewa a filayen zango da aka tanada domin haka. Ga iyalin Musulmi wannan hanya tana da fa'ida ta musamman, domin uwargida za ta dafa abin da ta amince da shi, kuma wurin sallah da sutura suna hannun iyalin.

Na zaɓi Cornwall, yankin da ke can ƙuryar kudu maso yammacin Ingila, saboda teku ta kewaye shi ta ɓangare uku kuma garuruwansa suna kusa da juna. Shawarar da na fi bai wa muhimmanci ita ce a rage yawan tashi da sauka. A ajiye karaban a zango biyu ko uku kawai cikin mako biyu, a riƙa fita da mota ita kaɗai zuwa garuruwa. Wanda ya ce sai ya ja karaban zuwa kowane gari zai ƙarar da hutunsa a ɗaurawa da kwancewa, yara su gaji, shi ma ransa ya ɓaci.

Mataki na farko: a san irin abin da za a tafi da shi

Hanya uku ce a gaban mai farawa. Akwai karaban da ake ja da motar gida, wanda ke buƙatar a sa wa motar ƙugiyar ja da soket na fitilu. Akwai mota mai ɗaki a jikinta, wadda lasisin mota na yau da kullum ya isa a tuƙa ta muddin nauyinta da kaya bai wuce kilo 3,500 ba. Sai dai matsalarta a Cornwall ita ce duk inda za a je, ko sayen burodi ne, sai an naɗe gida gaba ɗaya an tafi da shi cikin lunguna masu ƙunci. Ta uku ita ce a yi hayar karaban daga masu kai shi filin zango su kafa, iyali su iso da motarsu su tarar da shi a shirye. Wanda bai taɓa jan tirela ba, kuma yana da ƙananan yara, ina ganin wannan ta uku ta fi masa a shekarar farko. Sauran bayanin nan ya fi shafar mai jan karaban da kansa, amma abin da ya shafi zaman zango da teku da abinci na kowa ne.

Kada a sayi karaban kafin a gwada haya. Lokacin haya kuma a tambayi adadin wuraren kwana, domin wanda aka ce na mutum shida ne yawanci gadaje biyunsa na yara ne masu hawa biyu, babban gadon kuma kujerun falo ne ake shimfiɗawa da dare. Iyali masu 'ya'ya maza da mata da suka tasa su nemi mai labule ko ƙofa a tsakiya, ko su haɗa da rumfar da ake jonawa a gefen karaban, wadda ake iya sa mata ɗan ɗakin kwana a ciki. A karanta sharuɗɗan inshora da kuɗin jingina, a ɗauki hoton kowane ƙwarzane da ke jikin karaban a gaban mai shi kafin a ja.

Mataki na biyu: lasisi da lissafin nauyi

Tun daga 16 ga Disamba 2021, mai cikakken lasisin mota na Birtaniya yana iya jan tirela mai nauyin da ya kai kilo 3,500 ba tare da ƙarin jarrabawa ba. Wannan sauƙin doka ne kawai, bai koya wa kowa ja ba. Ƙungiyoyi biyu na masu wannan harka, Caravan and Motorhome Club da aka kafa a 1907 da Camping and Caravanning Club da ta samo asali a 1901, suna shirya kwasa-kwasan koyon ja da ribas, kuma kuɗin kwas ɗin bai kai kuɗin gyaran gefen karaban da aka goga a bango ba. Wanda har yanzu yake tuƙi da lasisin Najeriya ko Nijar ya tuna cewa wata 12 kawai aka yarje masa daga lokacin da ya zama mazaunin ƙasar, kuma ya tambayi kamfanin haya da na inshora a rubuce ko sun amince da shi.

Nauyi shi ne inda ba a sassauci. A jikin kowane karaban, kusa da ƙofa, akwai ɗan faranti da aka rubuta nauyinsa ba kaya da kuma iyakar nauyin da aka yarda ya kai da kaya. Bambancin da ke tsakanin lambobin biyu shi ne abin da aka ba ku damar lodawa, kuma sau da yawa bai wuce kilo 150 zuwa 200 ba, alhali a cikinsa ne batir da rumfa da kujeru da tukwane da tufafin mutum shida za su shiga. Buhun shinkafa mai kilo 10 da galan ɗin mai da katan ɗin ruwa sun riga sun cinye wani kaso. Saboda haka kayan abinci masu nauyi su zauna a but ɗin mota.

Sannan a gwada nauyin karaban da na motar da za ta ja shi. Shawarar da ƙungiyoyin nan ke ba mai koyo ita ce kada karaban da kayansa ya wuce kashi 85 cikin 100 na nauyin motar ba kaya. Idan motar tana da kilo 1,600, karaban kada ya haura kilo 1,360. Wannan shawara ce, ba doka ba. Dokar ita ce iyakar ja da kamfanin motar ya rubuta a littafinta da farantin da ke jikinta, wadda ƙetare ta laifi ne kuma yana iya soke inshora. Abu na uku shi ne nauyin da bakin karaban ke ɗorawa a kan ƙugiyar mota, wanda ake so ya zama kashi 5 zuwa 7 cikin 100 na nauyin karaban da kaya, ba tare da ya wuce iyakar ƙugiyar ba. Ana auna shi da sikelin auna nauyin mutum da guntun katako da aka yanka daidai tsayin ƙugiya: a tsayar da katakon a kan sikeli ƙarƙashin bakin karaban, a ɗaga ƙaramar tayar gaba a hankali har nauyin ya sauka a kan katakon, a karanta. Idan bakin ya yi sauƙi da yawa, karaban zai riƙa kaɗa wutsiya a kan hanya. Idan ya yi nauyi, gaban motar zai ɗaga, sitiyari ya yi sako-sako.

A duba tayoyin karaban ko da zanensu bai cinye ba, domin tayar da ta daɗe a tsaye tana tsattsagewa. Lambobi huɗu na ƙarshe a gefen taya suna nuna mako da shekarar da aka yi ta, misali 2321 na nufin mako na 23 na shekarar 2021. An fi so a sauya ta idan ta kai shekara biyar, kuma kada ta wuce bakwai.

Mataki na uku: lokaci da kama wuri

Agusta ne watan da Cornwall ta fi cika da baƙi, kuma filayen da ke kusa da teku suna ƙarewa tun watanni kafin lokacin, don haka a kama wuri tun Janairu ko Fabrairu. Hutun mako guda na ƙarshen Mayu ya fi sauƙin kuɗi da cunkoso, sai dai ruwan teku yana da sanyi sosai a lokacin. Kada a ɗauke yara daga makaranta a tsakiyar zangon karatu domin neman rahusa, saboda tun Agustan 2024 tarar a Ingila fam 80 ce a kan kowane mahaifi game da kowane yaro, tana zama fam 160 idan ba a biya cikin kwana 21 ba.

Filayen zango iri-iri ne. Akwai manya masu wurin ninkaya da kanti da wasannin dare, waɗanda yara ke so amma galibi suna da mashaya da hayaniya. Akwai na ƙungiyoyin nan biyu, masu tsabta da tsari da shiru da dare. Akwai kuma ƙananan filaye a gonaki waɗanda ba sa ɗaukar fiye da karaban biyar, 'yan ƙungiya kaɗai ke sauka a cikinsu. Suna da araha da natsuwa, amma wasu ba su da wurin wanka. Iyali mai yara su nemi fili mai wurin wanka da injin wanki, da gurbin ajiye karaban mai tsakuwa maimakon ciyawa, domin ruwan sama yana sauka a Cornwall ko a tsakiyar bazara, kuma ciyawa idan ta jiƙe taya tana nutsewa. A tambayi ko gurbin yana da wutar lantarki da ƙarfinta, da ko ana biyan kuɗin rumfa da na yara daban. A sani kuma cewa a Ingila ba a yada zango a filin wani sai da izininsa, kuma yawancin wuraren ajiye motoci na bakin teku sun hana kwana.

Mataki na huɗu: lodi, ɗauri da hanya

Kaya masu nauyi su kwanta a ƙasa, a tsakiyar karaban, daidai saman tayoyi. Tufafi da abubuwa marasa nauyi ne kawai ke shiga akwatunan sama. Kada a tara nauyi a can baya da nufin rage na gaba. A zubar da ruwan da ke cikin tanki, a rufe tukunyar gas, a kulle tagogi da rufin sama da ƙofar firji.

Wajen ɗaurawa, mutum ɗaya ne zai yi aikin daga farko zuwa ƙarshe, wani kuma ya bi bayansa ya duba, domin idan mutum biyu suka raba aikin kowa zai zaci ɗayan ya yi. A ɗage ƙafafun kusurwa huɗu, a sauke bakin karaban a kan ƙugiya har alamar kamawa ta fito, sannan a juya ƙaramar tayar gaba kamar za a ɗaga, a ga bayan motar ya ɗan taso, wanda ke tabbatar da cewa ƙugiya ta kama. A maƙala siririyar wayar birkin gaggawa a jikin motar, ita ce ke ja birkin karaban idan ya tsinke. A jona soket ɗin fitilu, uwargida ko babban yaro ya tsaya a baya ya faɗi ko fitilar birki da sigina suna kamawa. A ɗage tayar gaba a ɗaure ta tamau, a saki birkin hannu na karaban. Doka ta wajabta lamba irin ta motar a bayan karaban, da ƙarin madubai a gefe idan karaban ya fi motar faɗi. Rashin madubai yana iya jawo tarar da ta kai fam 1,000 da makin hukunci uku a lasisi. Ba a yarda kowa ya zauna cikin karaban yana tafiya ba, kuma yaron da bai kai shekara 12 ko tsayin santimita 135 ba sai da kujerar yara.

Mai ja ba ya wuce mil 60 a sa'a a babbar hanya da tagwayen hanyoyi, mil 50 a hanya mai hannu biyu ba rabe, kuma an hana shi layin dama na ƙarshe a babbar hanya mai layi uku ko fiye. Daga Birmingham ko Manchester hanyar M5 ce ke kaiwa Exeter; daga Landan ana bin M4 a shiga M5 a Bristol, ko a bi A303 ta gefen Stonehenge, wadda ta fi gajarta amma tana cushewa. Daga Exeter sai A30, wadda ta ratsa tsakiyar Cornwall har Penzance. Landan zuwa Penzance kusan mil 300 ne, kuma da karaban da yara tafiyar yini guda ce cur. Asabar ce ranar da masu hutu ke sauyawa, hanya ta tsaya cik, don haka a fita ranar Talata ko Laraba bayan sallar asuba, ko a raba tafiyar a kwana a kusa da Exeter.

Idan karaban ya fara kaɗawa hagu da dama, yawanci bayan babbar mota ta wuce ko a kan gangara, a ɗage ƙafa daga totur a hankali, a riƙe sitiyari a miƙe, kada a taka birki da ƙarfi, kada kuma a ƙara wuta. A rage gudu tun kafin a fara gangara. Akwai hanyar da ya kamata a guje mata baki ɗaya: wanda ya ga A39 a taswira ta bi bakin teku daga Somerset zai yi sha'awarta, amma tana da hawan Porlock, wanda a wani wurin tsayuwarsa ta kai ɗaya cikin huɗu, kuma alamun hanya suna gargaɗin masu karaban su kauce masa.

Ƙananan hanyoyin Cornwall su ne suka fi ba baƙo wahala. Da yawansu mota ɗaya kawai suke ɗauka, kuma abin da ke gefensu, wanda ido ke gani kamar shingen ganye mai laushi, katangar dutse ce da ciyawa da furanni suka lulluɓe. Wanda ya matsa jikinta domin ba wata mota hanya zai ji ƙarar dutse a gefen karaban. Manhajar taswira ta waya ba ta san kuna ja da ɗaki ba, za ta jefa ku lungun da ba wurin juyawa. A mil biyar na ƙarshe a kashe ta, a bi kwatancen da masu filin zango suka rubuta, domin sun zaɓi hanyar da karaban ke wucewa.

Mataki na biyar: kafa zango

Yawancin filaye suna karɓar baƙi daga tsakar rana, kuma gara a iso da sauran haske. A yi rajista a ofis, a taka da ƙafa a ga gurbin kafin a shiga da mota. Wajen ribas, a sa hannu a ƙasan sitiyari, duk ɓangaren da hannun ya nufa can bayan karaban zai nufa. A tafi a hankali ƙwarai, mai ba da hannu ya tsaya inda direba ke ganinsa a madubi, yara kuma su kasance cikin mota ko a hannun babba. Idan abin ya ƙi, babu kunya a kwance karaban a tura shi da hannu, kuma maƙwabta kan taso su taimaka ba tare da an roƙe su ba. Filayen ƙungiyoyi suna son a bar tazarar mita shida tsakanin karaban da na kusa da shi saboda gobara.

A daidaita gefe da gefe tukuna ta hanyar hawar da taya ɗaya kan matashin roba, a ja birkin hannu, a sa wa tayoyi waigi, a kwance daga mota, sannan a daidaita gaba da baya da ƙaramar tayar gaba. Bayan haka ne ake sauke ƙafafun kusurwa, waɗanda aikinsu hana girgiza ne kawai, ba ɗaga karaban ba. Wayar lantarki a warware ta gaba ɗaya domin wadda aka bari a naɗe tana zafi, a fara jona ta a jikin karaban sannan a sandar wuta. Wutar gurbi amfiya 16 ce ko 10, wato kusan kilowat 3.6 ko 2.3. Butar lantarki ta gida ita kaɗai tana cin kusan kilowat 3, don haka idan aka haɗa ta da hita wutar za ta yanke. A dafa ruwan shayi a kan gas.

Ruwa ana ɗebo shi a famfo cikin ganga mai gungurawa mai lita 40, aikin da yara ke rububinsa a kwanakin farko. Ruwan wanke-wanke yana taruwa a wani mazubi da ake zubarwa a kwatar da aka ware masa. Akwatin banɗaki kuwa ba a zubar da shi sai a wurin da aka keɓe domin shi kaɗai, kuma ba a wanke shi a famfon ruwan sha. A nan akwai abin da ya shafe mu kai tsaye: mu masu tsarki da ruwa ne, akwatin kuma ƙarami ne, zai cika cikin yini guda idan mutum shida suka dogara da shi. A bar shi domin dare da ƙananan yara, da rana kowa ya ɗauki buta ya tafi banɗakin fili, a kuma goge ruwan da ya zuba a ƙasa kafin a fito, domin a bar wa na baya wurin a bushe.

Gargaɗi ɗaya da ba na so a wuce shi da sauri: kada a shigar da murhun gawayi cikin karaban ko rumfa, ko da wutar ta mutu ana neman ɗumi. Gawayi yana ci gaba da fitar da iskar guba marar wari na sa'o'i, kuma ta kashe mutane a cikin tantuna a wannan ƙasa. A tabbatar na'urar gargaɗin wannan iska da ta hayaƙi suna aiki, kuma kada a toshe ramukan shan iska da ke ƙasan karaban saboda sanyi.

Mataki na shida: zango uku da garuruwansu

Zangon farko a yi shi a arewa, tsakanin Bude da Padstow. A Bude akwai tafkin ninkaya da aka gina cikin duwatsu a bakin rairayin Summerleaze a 1930, wanda teku ke cika shi da kanta, kuma ya fi buɗaɗɗiyar teku dacewa da masu koyo. Kudu da nan akwai Boscastle, ƙauyen da ke cikin kwari wanda ambaliya ta afka wa a Agustan 2004, da kangon ganuwar Tintagel mai gadar ƙafa da aka buɗe a 2019. Daga Padstow ana hayar kekuna a bi tsohuwar hanyar jirgin ƙasa ta gefen kogin Camel zuwa Wadebridge, mil biyar da 'yan kai, shimfiɗaɗɗiya ba motoci, ko yaro ɗan shekara bakwai zai iya.

Zango na biyu, wanda ya cancanci kwanaki mafi yawa, a yi shi a yamma, wajen Hayle ko Marazion. Kada a shiga St Ives da mota a Agusta. A ajiye ta a tashar St Erth a hau ƙaramin jirgin ƙasa da ke bin bakin teku, tafiyar minti goma da 'yan kai, a zauna ta hannun dama domin ganin ruwa. A bakin tashar jiragen ruwan garin a kula da manyan tsuntsayen teku, waɗanda ke zuwa ta bayan mutum su fizge abinci daga hannunsa. Yaro ya ci nasa yana jingine da bango. A Marazion akwai tsibirin St Michael's Mount, wanda ake takawa zuwa gare shi a kan daɓen dutse idan teku ta janye, a dawo da kwalekwale idan ta cika. Can yamma akwai Porthcurno, inda aka fito da wayar tangarahu ta ƙarƙashin teku da ta haɗa Ingila da Indiya a 1870, sai Land's End inda ƙasa ta ƙare. Wanda ya fito daga Jos ko Bukuru ya kai 'ya'yansa mahaƙar Geevor da ke Pendeen, wadda aka rufe a 1990 aka mayar gidan tarihi, su ga yadda ake haƙo kuza da wanke ta, ma'adinin da ya tara kakanninmu a Filato.

Zango na uku a kudu, wajen St Austell, inda teku ta fi kwanciya. Daga nan ana zuwa Mevagissey da Fowey da Polperro, ƙauyukan masunta da ake ajiye mota a bakinsu a gangara da ƙafa, da Falmouth mai ganuwar Pendennis ta zamanin Sarki Henry na Takwas. A ajiye Eden Project, lambun tsirrai mai manyan rumfuna, domin ranar da aka tashi da ruwan sama. An buɗe shi a 2001 a cikin tsohon ramin haƙar farar ƙasa, kuma a babbar rumfarsa mai zafi yaran da aka haifa a Turai za su ga ayaba da koko da kwakwar manja a tsaye a kan itacensu.

Mataki na bakwai: teku

Yawancinmu mun tashi nesa da teku, kuma iya ninkaya a kogi ko kududdufi ba ya wadatarwa a nan. Teku tana cika sau biyu a yini, tsakanin cika da cika kusan sa'a 12 da minti 25, kuma lokacin yana jinkirta da kusan minti 50 kowace rana. Rairayin da kuka shimfiɗa tabarma da safe yana iya zama ƙarƙashin ruwa da la'asar, kuma masu zagayawa bayan duwatsu su ne ruwa ya fi tarewa. A duba jadawalin cika da janyewa kowace safiya.

A yi wanka kawai a inda masu ceto na ƙungiyar RNLI suke aiki, galibi daga ƙarfe 10 na safe zuwa 6 na yamma, kuma tsakanin tutoci biyu masu launin ja da rawaya. Tuta mai baƙi da fari ta masu hawan igiyar ruwa da allo ce, jar tuta zalla na nufin kada kowa ya shiga, idan kuma aka ɗaga jakar iska mai ruwan lemo kada a sa yaro a kan abin hurawa, domin iska tana kaɗawa zuwa cikin teku. Wanda ruwa ya ja kada ya yi kokawa da shi. Ya kwanta rigingine ya buɗe hannuwa da ƙafafu har numfashinsa ya daidaita, ya ɗaga hannu ya yi kira. Wanda ke tudu ya kira 999 ya nemi masu gadin teku, kada ya faɗa ruwa. Doguwar riga da zane suna shan ruwa su yi nauyi, don haka mata da 'yan mata su nemi kayan ninkaya masu rufe jiki ko rigar roba da ake haya a bakin teku, wadda ke maganin sanyi ma, tunda ko a Agusta ruwan bai cika wuce digiri 17 ba. Yara su sa takalmin ruwa saboda wani ɗan kifi mai ƙaya da ke ɓuya cikin yashi. Wanda ya taka shi a tsoma ƙafarsa cikin ruwa mai zafin da zai iya jurewa na rabin sa'a.

Mataki na takwas: abinci da sallah

Naman halal yana da wuyar samu a ƙananan garuruwan Cornwall. A saya a garinku ko a Bristol, Exeter ko Plymouth, a daskarar da shi ƙulli-ƙulli daidai girki ɗaya, domin firjin karaban ƙarami ne. Miyar da aka soya aka daskarar tun daga gida, da yaji da kuka da daddawa da garin kunu, suna rage wa uwargida tsayuwa a gaban murhu mai baki uku, kuma adalci ne maigida da manyan yara su karɓi wanke-wanke, domin ita ma hutu ta zo. Kifi sabo yana samuwa a Newlyn da Looe da sauran garuruwan masunta. Kafin a sayi soyayyen kifi da dankali a tambayi ko an sa barasa a ƙullun da irin man da aka soya da shi, domin wasu da kitsen dabba suke suya. Sanannen fanken nama na yankin naman shanu ne a cikinsa wanda galibi ba halal ba. Akwai na cuku da albasa, shi ma a tambaya ko akwai kitsen alade a fulawarsa.

Alƙibla daga Cornwall tana gabas ne da ɗan karkata zuwa kudu. A ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe tara da rabi, asuba kuma tana yi da wuri ƙwarai, don haka a tsara barcin yara da wannan a zuciya, a kuma rage murya saboda bangon karaban siriri ne. Matafiyi yana yin ƙasaru, amma a mazhabar Malikiyya wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri ɗaya yana cika sallarsa, wanda ke nufin a zango mai kwana biyar za a cika, a kan hanya a yi ƙasaru. Domin Juma'a akwai cibiyar Musulunci a Carnon Downs kusa da Truro, akwai kuma masallatai a Plymouth da Exeter. A tuntuɓe su a ji lokacin huɗuba.

Ranar tashi

A naɗe rumfa tun daren jiya idan ta bushe, domin raɓar safiya tana jiƙa ta, kuma wadda aka naɗe a jiƙe tana yin funfuna. Da safe a zubar da akwatin banɗaki da ruwan wanke-wanke, a cire wayar lantarki daga sandar wuta tukuna sannan daga karaban, a sake auna nauyin baki tunda kaya sun sauya wuri, a bi matakan ɗauri ɗaya bayan ɗaya kamar ranar farko. Yawancin filaye suna son a bar gurbi kafin tsakar rana. Mai komawa ta A38 zai biya kuɗin gadar Tamar yayin fita daga Cornwall zuwa Plymouth, mai bin A30 kuwa babu kuɗin da zai biya. Bayan tafiyar minti 20 a tsaya a wuri mai aminci a sake duba ƙugiya da tayoyi da tagogi, sannan a ci gaba.